Agogon wa za a bi? Taron dangi ta waya da juyin agogon Turai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa da rediyo a gidansu ya haddace yadda masu gabatarwa ke faɗar lokaci: ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya shafe shekara da shekaru yana magana daga London, birnin da ake tura agogo gaba a ƙarshen Maris a dawo da shi baya a ƙarshen Oktoba. Amma mai sauraro a Maraɗi ko Katsina ba ya jin wannan juyi a jikinsa. Shirin takwas da rabi na dare yana nan a takwas da rabi, da rani da damina. Ma'aikatan gidan rediyon ne ke gyara lokacin fitowarsu aiki, mai sauraro kuwa an bar masa agogonsa. Mun daɗe muna cin moriyar wannan tsari ba tare da mun lura cewa wani ne ya zauna ya zaɓa mana shi ba.

Yanzu zaɓin ya dawo hannunmu. Da wuya ka sami gida a Madarunfa da ƙauyukan da ke kewaye da tabki wanda ba shi da ɗa a waje. Na Kano da Katsina da Legas ba su da matsala, agogonmu ɗaya da su. Amma akwai na Akara da Abijan, akwai na Libiya, akwai mazauna Makka da Jidda, akwai ɗalibai a Maroko da Masar, ga kuma 'yan tsiraru da suka kai Faransa da Amurka. Da can Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Yau rabin zumuncin a waya yake, kuma da zarar dangi sun yanke shawarar su riƙa haɗuwa ta intanet kowane mako ko kowane wata, sai tambayar da ba wanda ya yi tsammani ta taso: ƙarfe nawa, kuma a agogon wa?

Danginmu na da irin wannan zama, Lahadin farko ta kowane wata. Ni ne magatakarda a ɓangaren gida, domin a zaurena ake samun rezo mai ɗan ƙarfi. Dattawan gidanmu da ke ƙauye, wan mahaifinmu da muke kira Baba da kuma Goggo, sai sun hau kabu-kabu sun shigo gari kafin a ji muryarsu. Abin da ake tattaunawa ba wasa ba ne: kuɗin da kowa ya turo, maganin marar lafiya, kuɗin makarantar marayu, da kuma babban aikin shekara, wato sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha, a ajiye a rumbu saboda watannin da abinci ke yankewa kafin sabon amfani ya iso.

Mun daɗe muna lissafi kafin mu tsayar da ƙarfe biyu da rabi na rana. A nan an gama azahar, la'asar da saura. A Akara ɗaya da rabi ne. A Makka huɗu da rabi, tsakanin la'asar da magariba. A Faransa, a watan Mayu da muka fara, uku da rabi. A Greensboro ta jihar North Carolina, inda 'yan Nijar ke da yawa kuma inda ƙanena yake, tara da rabi na safe. Kowa ya ce ya yi masa. Ɗan yayata da ke karatu a Faransa, wanda ya fi mu sanin kwamfuta, ya buɗe taron a manhaja, ya sa ya riƙa maimaita kansa kowane wata, ya turo mana hanyar shiga. Wata shida ana yi lami lafiya.

Ranar Lahadi 3 ga Nuwamba 2024, Baba da Goggo suka iso tun biyu da kwata. Na jingina waya a kan kujera muka shiga. Na Makka ya shigo, na Akara ya shigo. Mai buɗe taron babu shi, ma'aji da ke Amurka babu shi. Na kira Faransa waya ba a ɗauka ba, na kira Amurka ita ma shiru, domin ƙanena aikin dare yake yi, bai tashi ba. Muka zauna minti arba'in da biyar muna kallon juna. Baba ya miƙe ya kaɗe riga ya ce: "Idan yaran nan sun gaji da mu, su faɗa mana. Na bar sussuka a gona na zo nan." Suka hau kabu-kabu suka koma. Ƙarfe uku da rabi daidai, ana shirin kiran la'asar a nan, magariba na gab da yi a Makka, sai ga 'yan Turai da Amurka sun hallara, suna tambaya ina mutanen gida. Wani ma har ya rubuta cewa ya kamata mu koyi mutunta lokaci.

Ba a yanke maganar hatsi ran nan ba, domin ba a sayen abincin gida ba da bakin Baba ba. Aka ɗaga sai Disamba. Kowa ya san abin da wata guda ke yi wa farashin hatsi bayan kaka, idan 'yan kasuwa sun fara kwasa. Kuɗin da zai sayi buhu kaza sai ya sayi ƙasa da haka, kuma giɓin ya nuna kansa a watan Yuli. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka ɗora wa laifi. Mutanen da suka zo kafin lokaci, waɗanda agogonsu bai motsa ko da minti ɗaya ba, su ne aka ce ba su san lokaci ba.

Ga abin da ya faru. Idan mutum ya buɗe taro mai maimaituwa a manhaja, ita manhajar tana ɗaure shi ne da agogon garin da aka zaɓa mata, kuma idan ba a zaɓa ba sai ta ɗauki na wanda ya buɗe. Abin da ta rubuta a cikinta shi ne uku da rabi agogon Paris. A watan Mayu hakan ya yi daidai da biyu da rabi a Madarunfa, saboda Faransa na gabanmu da awa ɗaya a lokacin zafinsu. Ranar 27 ga Oktoba 2024 Turai ta mayar da agogo baya, agogon Paris ya dawo daidai da namu, uku da rabi nasu ya zama uku da rabi namu. Amurka kuma ta mayar da nata a daren da aka wayi gari 3 ga Nuwamba, ranar taron kanta. Don haka na Faransa ya ga uku da rabi kamar kullum, na Amurka ya ga tara da rabi kamar kullum. A wurinsu babu abin da ya canza. Manhaja ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Yaron ma bai yi da gangan ba. Da ya gane, shi ya fara kiran Baba: "Baba, ku yi haƙuri, wallahi agogonmu ne aka juya." Baba ya ce: "To ɗana, ku da kuka juya naku, me ya sa mu za mu biya?"

Wannan tambaya ta Baba ita ce gaba ɗayan maganar. Mafi yawan mutanen duniya ba sa juya agogo. Nijar, Najeriya, Ghana, Saudiyya, Indiya, China, duk agogonsu a tsaye yake shekara ta zagayo. Masu juyawa galibi ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya ne, inda tsawon yini ke bambanta ƙwarai tsakanin zafi da sanyi. A Paris yini na haura awa 16 a ƙarshen Yuni, ya faɗo zuwa awa 8 da 'yan mintoci a ƙarshen Disamba. A Madarunfa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. Magaribarmu tana yawo ne tsakanin ƙarfe shida a ƙarshen Nuwamba da ƙarfe bakwai a Yuli. Ba mu da abin da za mu ci riba da shi idan mun taɓa agogo.

Su ma masu juyawar, dalili ne ya kai su. Jamus ce ƙasar farko da ta yi shi a duk faɗinta, ranar 30 ga Afrilu 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a rage ƙona kwal wajen haskaka gidaje da dare. Faransa ta dawo da tsarin a 1976 bayan tsadar man fetur ta 1973. Tarayyar Turai yanzu tana tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa tun 2007 tana farawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta gama a Lahadin farko ta Nuwamba, ban da Hawaii da mafi yawan jihar Arizona da ba sa yi sam. Turawan kansu sun gaji da abin. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutane miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a Maris 2019, da nufin a daina daga 2021, amma ƙasashen ba su daidaita ba, aka ci gaba da juyawa.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar ta Turai da Amurka ce kaɗai. Masar, inda muke da ɗalibai a Azhar, ta dawo da juyin agogo a 2023, tana farawa a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu. Maroko a 2018 ta ɗauki agogo irin namu, da tsarin cewa duk azumi sai ta mayar da shi baya da awa ɗaya ta koma GMT, bayan Sallah ta dawo. Wato a wannan tsari juyin yana bin watan Musulunci, kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Sudan ta sauya agogonta baki ɗaya a Nuwamba 2017, daga awa uku gaban GMT zuwa awa biyu. A Lebanon kuma, a Maris 2023, gwamnati ta ce a jinkirta tura agogo saboda azumi, ana saura 'yan kwanaki. Wasu hukumomi da makarantu da majami'u suka ƙi bi, ƙasa ɗaya ta yi kwanaki da agogo biyu kafin gwamnati ta janye. Agogo dai hukuncin gwamnatoci ne, kuma gwamnati na iya sauya ra'ayi cikin dare ɗaya.

Ko namu da muke ganin a tsaye yake, yarjejeniya ce. A 1884 aka yi taro a Washington aka amince a riƙa auna duniya daga Greenwich, wata unguwa a London. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, don haka agogon da ke gaban GMT da awa ɗaya ya dace ne da garin da ke kan digiri 15 gabas, kusa da Njamena. Madarunfa tana wajen digiri 7. Shi ya sa rana ba ta tsayawa tsaka a nan sai kusan sha biyu da rabi. Kakanninmu ba su damu da wannan ba, domin suna da nasu ma'aunin: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha. Idan aka ce a haɗu bayan la'asar, alƙawarin yana tafiya da rana, yana gyara kansa da kansa ba tare da an taɓa wani ƙarfe ba. Wannan ma'auni ya fi na Turawa sauƙi, amma yana aiki ne kawai idan rana ɗaya ke kanmu. La'asar ɗin Madarunfa magaribar Makka ce, hantsin Greensboro ce. Da dangi suka watsu, dole muka koma ga lambobi, kuma lambobin suna da masu su.

Bayan abin da ya faru, na kai wa dangi shawara cewa a ɗaure taron da agogon gida, kuma ina da hujja uku. Ta farko, agogon gida ba ya motsi, kuma ba a ɗaure dabba a turken da ke yawo. Ta biyu, mutanen da ke zaune a ƙasar da ake juya agogo sun san ranar juyawa. Ana faɗa a talabijin, ana faɗa a wurin aiki, wayarsu tana gyara kanta. Baba ba shi da hanyar da zai san cewa an taɓa agogo a Paris. Ta uku, asarar ba ɗaya ba ce. Idan taro ya zame da awa ɗaya, na Faransa zai sha shayi ya jira a ɗakinsa, intanet ɗinsa ba ta ƙarewa. Na gida kuwa ya biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ya bar gona, an saya masa katin intanet da ke ƙonewa yana zaune, ga cajin waya da ake tattali. Wanda ya ga yadda muka yi da wuta bayan Najeriya ta yanke layin lantarki a Agusta 2023 ya san abin da cajin minti arba'in da biyar ke nufi a wannan yanki. Adalci shi ne nauyin juyin ya hau kan wanda ƙasarsa ta juya, wanda kuma ya fi ƙarfin ɗauka.

Ba a karɓa nan take ba. Ƙanena ya ce biyu da rabi na gida zai zama masa takwas da rabi na safe daga Nuwamba zuwa Maris, shi kuma sai asuba yake dawowa daga aiki. Na Faransa ya ce a Disamba la'asar ɗinsu tana shigowa ne jim kaɗan bayan biyu da rabi. Duka gaskiya ne. Akwai kuma abin da ba a furta ba amma kowa ya ji shi: su ne ke turo kaso mafi tsoka. A irin wannan zama, mai kuɗi kan zama mai agogo ba tare da ya nema ba. Goggo ce ta raba gardamar. Ta ce wa ƙanena: "Kai da ka saba tashi sahur a gidan nan ba a tashe ka ba, wata huɗu na sammako sau ɗaya a wata ba zai kashe ka ba." Aka yi dariya, aka amince.

Sai dai ba zan ce agogon gida ne daidai a kowane hali ba. Akwai wani malami maƙwabcina da ke karantar da yaran 'yan uwanmu na waje Alƙur'ani ta WhatsApp kowace Asabar, kuma da abin da iyayen ke turo masa yake riƙe gidansa. Yaran nan lokacinsu a ɗaure yake da makarantar boko da aikin iyayensu, ba za su iya matsawa ba. Shi ne ke matsawa, kuma hakan ya dace, domin lokacinsa ya fi nasu sassauci kuma sana'arsa ce. Amma shi ya fi mu shan wahalar tsarin, saboda karatun mako-mako yana faɗawa cikin ramin da ke tsakanin Amurka da Turai. A lokacin sanyi, goma na safe a Greensboro daidai yake da huɗu na yamma a Faransa da kuma nan, sai ya haɗa yaran aji ɗaya. A 2025 Amurka ta tura agogo ranar 9 ga Maris, Turai kuwa sai 30 ga Maris. Asabar uku a jere, goma na safen Greensboro ya zama uku na yamma a Faransa, ajin ya rabu biyu, kuma cikin azumi. Ranar da Turai ta juya ita ce ranar da aka yi ƙaramar Sallah a Makka da Paris da Kano, don haka mutane da yawa sun kira gaisuwar Sallah sun tarar an riga an fita idi ko ba a dawo ba. A ƙarshen Oktoba ma ramin yana nan, amma na mako ɗaya.

Darasin da na ɗauka daga malamin da kuma taronmu ɗaya ne. Babu agogon da zai yi wa kowa daidai duk shekara. Idan wasu na juyawa wasu ba sa juyawa, dole lokacin wani ya matsa sau biyu a shekara. Abin da ke hannunmu shi ne mu zauna mu zaɓi wanda zai matsa, da saninsa da yardarsa. Idan ba mu zaɓa ba, waya za ta zaɓa mana, kuma kullum tana zaɓar agogon wanda ya danna maɓalli, wanda kusan kullum shi ne na waje.

Ga abubuwan da muke yi yanzu, ko za su amfani wasu. Wanda zai buɗe taron a Google Calendar ko Zoom ko makamantansu, ko ina yake zaune, sai ya shiga wurin zaɓen yankin lokaci ya sa Yamai ko Legas. Duka biyun abu ɗaya ne, awa ɗaya gaban GMT ba juyi. Daga nan manhajar da kanta za ta riƙa nuna wa na Faransa da na Amurka sabon lokacinsu idan ƙasarsu ta juya. Sannan kwana biyu kafin kowane zama ina tura saƙo mai jerin garuruwa, kowane da ƙarfensa: Madarunfa 2:30 na rana, Akara 1:30, Makka 4:30, Faransa kaza, Greensboro kaza na safe. Ina rubuta "na rana" ko "na safe" a fili, domin mu da muka yi lakwal mun saba da 14h30, 'yan uwanmu na Najeriya kuma sun saba da 2:30. Dattawa kuwa saƙon murya nake tura musu, in ce bayan azahar kamar kullum. Na kuma rubuta ranaku huɗu a bangon littafin taro: Lahadi ta biyu ta Maris, Lahadin ƙarshe ta Maris, Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Lahadin farko ta Nuwamba. Na ƙara farkon azumi da ƙarshensa saboda ɗalibinmu na Maroko.

Akwai wani tarkon da ya kamata a duba. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, wasu daga Turai aka kawo su. Idan ba a sa waya ta ɗauki lokaci daga kamfanin layi ba, mai gyara kan duba jerin garuruwa ya ga Paris ko Berlin an rubuta awa ɗaya gaban GMT, ya zaɓa, tunda a lokacin sanyi daidai suke da mu. Wayar za ta yi ta tafiya lafiya har ƙarshen Maris, sai a wayi gari ta yi gaba da awa ɗaya ita kaɗai. Na ga wanda ya tashi iyalinsa sahur tun lokaci bai yi ba saboda haka. Maganin shi ne a zaɓi Yamai ko Legas, ko a bar wayar ta bi layi.

Mun kuma kafa wata doka da ba ta shafi na'ura ba. Idan ɓangaren gida bai bayyana ba, ba a yanke komai, kuma ba a zargin kowa sai an ji dalili. Idan na waje ne bai bayyana ba a makon juyin agogo, shi ma ana yi masa uzuri. Na ga ƙungiyoyin 'yan gari da suka watse a kan abin da bai kai wannan ba, wani ya ce an raina shi, wani ya ce ana cin kuɗinsa ba a ganin darajarsa, alhali asalin rigimar awa ɗaya ce da wata majalisa a wata nahiya ta matsar.

'Yan uwanmu na waje suna ɗauke da nauyi mai yawa, kuma ba wanda ya isa ya raina guminsu. Suna aiki cikin sanyin da ba mu san irinsa ba, su turo abin da suka samu. Roƙona gare su kaɗan ne. Duk sa'ad da za su sa lokacin zama da gida, su tambayi kansu wa zai fi wahala idan lokacin ya zame, su ɗaure taron da agogonsa. A mafi yawan lokuta amsar ita ce tsohon da zai hau kabu-kabu daga ƙauye. Mu kuma na gida mu daina jin kunyar cewa a bi namu. Ba mu muka juya ba.

Allah ya ƙara mana zumunci, ya kai mu kaka lafiya.